Gidan Waziri Giɗaɗo: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Na Wurno A Kan Asali



Maganganu biyu sun yawaita a bakin yaran yanzu, kuma duk biyun ba sa yi mini daɗi. Wani da an ɗan taɓa shi sai ya ce, "Ka san ko ni jikan wane ne?" Wani kuma da an ce ya dage da karatu ko sana'a sai ya ce, "Mu da ba 'ya'yan kowa ba, ina za mu kai?" Na farkon yana jiran sunan kakansa ya yi masa aikin da ya kamata ya yi da hannunsa. Na biyun ya zauna tun ba a ce masa ya zauna ba. Kuskurensu ɗaya ne. Sun ɗauka asali abu ne da aka gama shi tun zamanin kakanni, wanda ya samu ya samu, wanda ya rasa ya rasa. Ni kuwa abin da tarihi ya nuna mini shi ne, gida ba ya daɗewa da suna sai in kowane zamani ya sami wanda ya sake yi wa sunan aiki.

Don kada maganar ta tsaya a fatar baki, bari in ba ku labarin gida guda, gidan Wazirin Sakkwato, waɗanda ake kira Giɗaɗawa. Kada ku ce Sakkwato ta yi mana nisa. Kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 ƙasarmu ta Kano ce, kuma a zamanin daular Usmaniyya ta hannun Waziri al'amuran Kano suke isa gaban Sarkin Musulmi. Shi ne ƙofar Kano da Zazzau da masarautun gabas irin su Haɗeja da Katagum. Ke nan abin da aka yanke a zauren wannan gida ya sha taɓa kakanninmu na kudancin Kano, ko sun sani ko ba su sani ba. Ga shi kuma garinmu yana da takwara a can, Wurnon da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi ya zauna, aka kuma binne shi a cikinta a 1837. Tsakanin wannan Wurno da birnin Sakkwato waziran nan suka yi ta kai da komo.

Tushen gidan shi ne Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, wanda aka haifa wajen 1776. Ba ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ne. Ya shiga jama'ar Shehu ne tun da ƙuruciyarsa, ya yi karatu, ya zama aminin Muhammadu Bello. Abin da ya fito da shi cikin tsararrakinsa shi ne ilimi, da riƙon amana, da jure wahalar tafiya. Lokacin da ake musayar wasiƙu tsakanin mutanen Sakkwato da Shehu Laminu na Borno a kan halaccin jihadi, yana cikin waɗanda aka aika gabas. Shehu ya aurar masa da 'yarsa Nana Asma'u a 1807. Ku lura, ba auren ne ya sa aka san shi ba. Sai da aka san halinsa aka ba shi auren. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, ya naɗa shi waziri.

Wazirci a wancan zamani ba zaman fada da babbar riga ba ne. Waziri shi ke karɓar wasiƙun sarakuna, ya karanta, ya rubuta amsa. Shi ke hawa doki ya yi tafiyar makonni zuwa Kano ko Zazzau don naɗa sabon sarki, ko sasanta rikicin iyaka, ko sauraron ƙarar da ta fi ƙarfin alƙalin gari. Shi ke lura da gaisuwar da masarautu ke aikowa, shi ke saukar manyan baƙi. Mutumin da bai iya Larabci ba, bai san fiƙihu ba, ko kuma bakinsa ba ya riƙe magana, ba zai yi wata guda a kan wannan aiki ba. Giɗaɗo ya yi shekara 25 a kansa.

Cikin baƙin da ya sauka akwai wanda ya fito daga nesa ƙwarai. A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, mutumin ƙasar Sikotland, mai suna Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ta hanyar Borno da Kano. A ƙasarmu Abdullahi ake kiransa. A hannun Giɗaɗo aka damƙa shi, ya ba shi masauki, ya kula da cinsa da shansa, ya riƙa kai shi gaban Bello. Baturen ya koma gida, ya sake dawowa a 1826, sai ya tarar Sakkwato da Borno suna yaƙi. Yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu Laminu, har da makamai. Bello ya hana shi wucewa da su, Waziri kuwa ya tsaya a kan umarnin ubangidansa, duk da sabon da ke tsakaninsa da baƙon. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, baransa Richard Lander ya kwashe takardunsa ya kai Ingila aka buga. Har yau duk wanda ya karanta su zai ga Giɗaɗo a matsayin dattijo mai karamci da sanyin hali, wanda kuma karamcin bai sa ya sayar da amanar da aka ba shi ba. Giɗaɗo bai san harshen da aka rubuta labarinsa da shi ba, amma shekara 200 ke nan ana karanta halinsa a ciki. Baƙon da ka sauka yau, ɗana, ba ka san inda zai kai labarinka ba.

Wani abin da Giɗaɗo ya yi, wanda a ganina shi ya fi raya gidan, shi ne rubutu. Ya zauna da Shehu, ya zauna da Bello, ya ga abubuwa da idonsa, bai bar su su tafi kabari tare da shi ba. Ya rubuta Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu da mutanensa, ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ya jera sunayen malaman Shehu da almajiransa da mataimakansa. Mutane da yawa da yau jikokinsu ke alfahari da su, da ba don alƙalamin wannan bawan Allah ba, da sunansu ya ɓace. Ya sauka daga wazirci a 1842 da ransa da lafiyarsa, ya rasu wajen 1850.

Yanzu ku matso, 'yan matana, don wannan ɓangaren naku ne. Da za a cire Nana Asma'u daga labarin Giɗaɗawa, da rabin gidan ya rushe. An haife ta a 1793. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa don talakawa su ji gargaɗin da ke ciki game da zalunci da cin amana. Ta tsara tarihin jihadi a waƙe, ta yi wa mamata marsiyya, manya da ƙanana. Babban aikinta kuwa shi ne 'yan taru. Ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo birni karatu ba, sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin da ke koyar da tauhidi da alwala da salla da kyawun hali, su koma su koya wa matan aure da ke cikin gida. Sadakar da suka kawo ta hatsi da zuma da tufa, takan raba wa mabuƙata. Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, amma 'yan taru ba su mutu da ita ba.

Ku tambayi kanku, wa ya fara koya wa 'ya'yan wannan gida karatu kafin su je gaban malam? Yaron da ya buɗe ido ya ga uwarsa da alƙalami da tawada, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan darajar ilimi ba. Shi ya sa nake roƙon iyaye maza na garin nan, kada a cire yarinya daga makaranta, ta allo ce, ta Islamiyya ce ko ta boko, da cewa ai gidan wani za ta. Gidan wanin da za ta, jikokinka za ta haifa a ciki, kuma abin da ka zuba mata shi za ta zuba musu.

Ɗan Nana, Abdulƙadir, shi ya gaji mahaifinsa daga 1842 zuwa 1859, shi ma kuma marubuci ne, littafinsa Anisul Mufid yana cikin madogaran tarihin daular. Bayansa ɗansa Ibrahim Halilu ya hau, sannan sarautar ta koma hannun Abdullahi Bayero ɗan Giɗaɗo, wato baffa ya gaji ɗan ɗan'uwansa, har zuwa 1886, sannan ta tafi ɗakin Ahmadu ɗan Giɗaɗo, aka naɗa ɗansa Muhammadu Buhari. Kun ga rawani yana fita daga wannan ɗaki ya shiga wancan, ba a zare takobi ba. Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu, don a zamanin Buharin nan aka ga abin da ke faruwa in 'yan gida ɗaya suka kasa haƙuri da juna, kuma a ƙofar gidanmu aka gan shi.

A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Waziri Buhari yana cikin birnin. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarni a naɗa Tukur ɗan marigayin, wanda ya nuna jarunta a yaƙin Argungu. Zukatan mutanen Kano da yawa kuwa suna wurin Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Tukur da Yusufu 'ya'yan wa da ƙane ne, dukansu jikokin Ibrahim Dabo. Waziri ya zartar da umarnin ubangidansa. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka nufi Takai, wadda ƙasarta kuke ratsawa duk sanda za ku Kano ta Wudil. Daga nan Basasa ta tashi. Garuruwan gabas da kudancin Kano suka rabu, wannan na Tukur, wancan na Yusufu. Aka ƙone gari, aka kashe mutane, aka kama 'ya'ya aka sayar kamar ba Musulmi ba. Yusufu ya rasu a Garko kafin ya ga ƙarshen abin, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, Tukur kuma aka kashe shi a Tafashiya a 1895. Shekara takwas bayan haka, a watan Fabrairu na 1903, Turawa suka ci Kano.

Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba, duk sun tafi gaban mai hukunci. Na kawo shi ne don abubuwa biyu. Ɗaya, ku ga cewa talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya fi shan wuya in manyan gida suka yi faɗa. Abin da ya faru a kan gadon sarautar Kano shi ne ke faruwa a ƙanƙane duk sanda 'ya'yan mutum ɗaya suka kai juna kotu a kan gonar fadama, aka yi shekaru ana jeka-ka-dawo, har kuɗin da aka kashe ya fi kuɗin gonar, 'ya'yansu kuma suka tashi ba sa gaisawa. Na biyu, Waziri Buhari bai binne wannan al'amari ba, ko da yake ba abin alfahari ba ne gare shi. Ya rubuta abin da ya gudana tsakaninsa da Sarkin Haɗeja da Yusufu, ya bar wa na baya su karanta su yi hukunci.

Jarrabawar da ta fi wannan girma tana tafe. Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Turawa suka fuskanci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a filin Giginya, a bayan ganuwar Sakkwato. Bindiga mai ruwa ta yi wa dawakai da masu illa cikin ɗan lokaci. Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, jama'a suna barin gonakinsu suna bin sa, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Waziri Buhari kuwa ya ja da baya zuwa Marnona tare da ɗimbin jama'a, mata da yara da tsofaffi, ba abinci, ba wurin zuwa. Ya tara malamai ya nemi shawara. Aka duba littattafai, aka ga cewa in Musulmi ba su da ƙarfin yaƙi, ya halatta su zauna da wanda ya rinjaye su a al'amuran duniya, muddin ba a hana su salla da sauran shika-shikan addini ba. Ya koma Sakkwato, aka naɗa Attahiru na biyu, ya ci gaba da wazirci har rasuwarsa a 1910.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ji tsoron kada abin da ya yi ya zama saɓo, ya sake tambayar malamai, sannan ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi da tunani, yana bayyana dalilansa da fargabarsa. Har gobe masana suna muhawara, wasu suna ganin hanyar Attahiru ita ce daidai, wasu suna ganin Waziri ya ceci rayuka da masallatai da kotunan shari'a. Ni ban isa in raba wannan gardama ba. Abin da nake so ku ɗauka shi ne yadda ya yi da nauyin da ya hau kansa: bai yanke shi kaɗai ba, bai yanke cikin fushi ba, bai kuma yi kamar abin bai dame shi ba. Ranar da za ku zama masu gida, irin wannan rana za ta zo muku, ko da a ƙaramin ma'auni ne, ranar da kowace hanya take da ɗaci. Allah ya sa a lokacin kuna da malamin da za ku tambaya, da tawali'un da za ku tambaye shi.

A gidan Buharin nan Turawa suka tarar da tarin wasiƙun sarakuna da Larabci, aka fassara wasu aka buga a 1927. Saboda su ne muka san abin da sarakunan ƙasar nan suke rubuta wa Sakkwato yayin da Nasara ke matsowa.

Buhari ya bar ƙaramin yaro mai shekara huɗu, sunansa Junaidu, haifaffen 1906. Maraya ne, ya tashi a zamanin da iko ya koma hannun Razdan, wazirci kuma ya rage girman da yake da shi a da, ba sauran hawa zuwa Kano naɗa sarki. Da yaron nan ya ce zamani ya juya wa gidansu baya ya kwanta, da ba wanda zai yi mamaki. Maimakon haka sai ya durƙusa gaban malaman Sakkwato, ya sha Larabci da fiƙihu da adabi, ya koyar a makarantun gwamnati, ya shugabanci makarantar horar da alƙalai. A 1948 aka naɗa shi waziri bayan wansa Abbas, ya riƙe har rasuwarsa a watan Janairu na 1997, kusan shekara 50. Ya rubuta littattafai da dama da Larabci, ya yi waƙoƙi, ya rubuta labarin tafiye-tafiyensa, ya kuma ba mu Tarihin Fulani da Hausa, wanda aka buga a Zariya a 1957. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, bai tsaya a godiya ba, ya gaya wa manyan 'yan boko cewa jami'ar da ba ta san al'ummar da take zaune a cikinta ba, ba ta kuma girmama ilimin da ta tarar, za ta zama baƙuwa a ƙasarta.

Ya kuma buɗe ɗakin littattafan kakanninsa ga masu nema. Wani matashin Bature, Murray Last, ya zauna a wurinsa a farkon shekarun 1960 yana karanta takardun gidan, ya sami digirin dakta a Jami'ar Ibadan a 1964, littafinsa a kan daular Sakkwato ya fito a 1967, kuma babban kaso na littafin a kan waziran nan yake. Wata Baturiya, Jean Boyd, ta yi shekaru tana nazarin rubuce-rubucen Nana Asma'u da ke ajiye a gidan, har ita da Beverly Mack suka tattara su aka buga a 1997. Yau ana karanta Nana a jami'o'in Amurka da Ingila. Takardun sun tsira daga gara da gobara da ruwan sama da yaƙi ne saboda a kowane zamani an sami wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Hukumar adana tarihi ta jihar Sakkwato sunan Waziri Junaidu take ɗauke da shi. Har yanzu kuma in kun kasa kunne a rediyo daren duban watan azumi ko na salla, kukan ji sanarwar fadar Sarkin Musulmi da sa hannun Wazirin Sakkwato, Farfesa Sambo Wali Junaidu, malamin Larabci, ɗan wannan gida.

Ku ƙirga da ni: Giɗaɗo ya haifi Ahmadu, Ahmadu ya haifi Buhari, Buhari ya haifi Junaidu. Mutum huɗu kacal, daga 1776 zuwa 1997, shekara 221. Da ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci da tarbiyyar ɗansa, da zancen ya yanke. Kuma kowannensu da irin zamaninsa: na farko zamanin jihadi, na uku zamanin Basasa da zuwan Nasara, na huɗu zamanin En'e da siyasa da mulkin soja. Iko ya sauya hannu sau da yawa, dukiya ta zo ta tafi. Abin da bai sauya ba shi ne, kowane yaro sai ya zauna a kan buzu ya yi karatun da kansa, don ba a gadon ilimi yadda ake gadon rawani.

Ku manoma ne 'ya'yan manoma, kun fi ni sanin cewa gonar gado, komai kyanta, in aka yi shekara uku ana girbe ta ba a kai mata taki ba, sai ƙuduji ya cinye dawar. Haka sunan gida yake. Kai da kakanka ya yi limanci, ko dagaci, ko sarkin noma, ko fatauci har Gwanja, kana da abin godiya, amma duk ranar da ka ambaci sunansa don a ɗaga maka ƙafa a kan laifi, ka ci daga cikin abin da ya tara ne ba ka mayar da komai ba. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ba su ce ya jingina da kabarinsa ba. Kai kuma da kake ganin ba a san gidanku ba, ka tuna kafin Giɗaɗo babu Giɗaɗawa. Unguwa guda ce yanzu a Sakkwato take amsa sunan mutum ɗaya. Ko wane babban gida da wani ya fara shi, kuma a ranar da ya fara bai san shi ne mafari ba, aikinsa kawai yake yi da gaskiya. Ba sai ta sarauta ba. Gidan da aka san shi da awo ba tauye mudu, ko ɗinki ba saɓa alkawari, ko ƙira, ko ɗori, ko karɓar haihuwa, ko koyarwa, shi ma gida ne mai asali, kuma mutanen gari sun san darajarsa.

Ga ɗan aikin da nake so in ba ku, ba ya buƙatar kuɗi. Mutanen ƙasar su Clapperton suna da gidaje waɗanda ke iya bin sawun danginsu tun daga zamani mai nisa. Ba don jininsu ya fi namu ba ne, don sun ajiye takarda ne. Mu a nan, tsoho ɗaya in ya rasu sai ya tafi da sunayen mutum hamsin. Saboda haka ku sami littafin rubutu, ku je wurin kaka ko gwaggo ko baffan da ya fi kowa shekaru a gidanku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku tambaya. Daga ina kakanninmu suka zo? Me ya taso su, yunwa ce, ko harin Ningawa, ko neman ƙasar noma, ko karatu? Wace sana'a suka riƙe? Wa ya haƙa rijiyar unguwa, wa ya dasa tsamiyar ƙofar gida? Su wa muka haɗa kaka da su a Gwaram, ko Dutse, ko Sumaila? Ku rubuta sunayen mata kamar yadda kuka rubuta na maza, don a nan ne zare ya fi saurin tsinkewa. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami. Wayar da kuke kwana kuna latsawa tana ɗaukar murya, ku nemi izinin tsohon ku ɗauka.

In akwai kundin wani malami a gidanku, ko Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, ko tsohuwar takardar gona, ko rasit ɗin haraji na zamanin En'e, kada ku bar su a ƙasan gado inda laima da gara za su same su. Ku ɗaga su sama, ku naɗe su a ƙyalle mai tsabta, ku ɗauki hotonsu shafi-shafi. In wani ya zo da kuɗi yana son saye, ku ce sai an yi shawara da manya. Kuma in tsoho ya ba ku labarin da ba shi da daɗi, na bauta, ko na rigimar gado, ko na wanda ya bar gida bai dawo ba, kada ku goge shi don a ce gidanku ba aibi. Ku riƙe shi da ladabi, ba don yaɗawa a dandalin sada zumunta ba, sai don na baya su san inda aka yi tuntuɓe. Kada kuma ku ƙara gishiri, ku jingina kanku da wani sarki ko sharifi da ba ku da hujja a kansa. Manomi na gaskiya ya fi basaraken ƙarya.

Waɗanda ke tafiya ci-rani Kano da Abuja da Legas, da waɗanda ke karatu a Dutse ko Kafin Hausa ko Zariya, ku sani a can ba a san kakanku ba, ku ne za a gani a ce haka mutanen Wurno suke. In an ba ku ajiya ku mayar da ita cif. In kun dawo hutu ku zaga dangi da ƙafarku kafin ku zauna a majalisa, ku duba allon ƙannenku da littattafansu, ku tambaye su abin da aka koya musu. Yaron da kuka zauna da shi rabin sa'a yau kuna gyara masa karatu, wataƙila shi ne wanda jikokinku za su riƙa ambata.

Mu namu ya kusa ƙarewa, abin da muka iya mun yi, abin da ya gagare mu yana jiranku. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda aka rubuta sunansu da waɗanda ba a rubuta ba. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya haɗa kanku, ya kare ku daga rigimar gado da cin amana, ya ba ku zuriya da za ta yi muku addu'a bayan ranku. Amin.